MT3608: uku na ƙona kafin na san nauyin da take iya ɗauka

A farkon Fabrairu na sayi 'yan bustar nan MT3608 guda biyar wajen wani mai kayan gyaran rediyo a babbar kasuwar Sakkwato. Ga wanda bai san ta ba, 'yar faranti ce da ba ta kai tsawon yatsa ba, aikinta ɗaga ƙarfin wutar batir: ka ba ta bolt 3.7 ta fito maka da 12, har 28 tana kaiwa. Ni dai rauta, na'urar raba intanet, nake so ta ci gaba da aiki in an ɗauke wuta. Na ciro batura huɗu, irin waɗanda ake kira 18650, daga tsohon batirin laftof, na haɗa su kai da kai, gindi da gindi.

Da rauta kaɗai, wata biyu ban ga laifinta ba. Abin haushinta ɗaya, ɗan sukurun saiti. Sai ka murɗa shi hagu fiye da sau goma kafin mita ta motsa, mai gajen haƙuri sai ya ce matacciya aka sayar masa.

Sai Afrilu ya kama. Wanda ya taɓa kwana ƙarƙashin rufin kwano a Mabera, ranar da zafi ya haura digiri 40, ya san abin da ya sa na ƙara mata 'yar fanka mai bolt 12. A jikin ledar bustar an rubuta amfiya 2, wato yawan wutar da za a iya ja mata, ni kuma rauta da fanka duka 1.2 suke ja, na ce ai da saura. Ba a yi minti goma ba fanka ta fara jan ƙafa, wani siririn kuka na fita daga kwayil, wato naɗaɗɗiyar wayar da ke kan farantin, rauta na mutuwa tana tashi. Can sai ƙauri. Na haska tocila, ga ɗan aisi mai ƙafa shida, wanda ke sarrafa wutar, ya yi bororo a ka kamar ƙurji. Na ce jabu ce, na sa ta biyu. Kwana biyu ta yi.

Na kwashi gawarwakin na kai wa wani dattijo mai gyaran talabijin a unguwarmu. Ya juya su a tafin hannu, ya ce, "Ɗana, mi ka ɗora ma wanga ɗan abu?" Na ce, "Baba, ko amfiya 2 ban kai ba." Ya ce, "A bakin fita ka auna. Koma ka auna abin da take sha daga batir."

Nan kuskurena yake. Bolt 12 sau amfiya 1.2 ya haura wat 14. Kafin batir mai 3.7 ya ba da wannan, har da abin da ke tafiya a zafi, sai an ja masa fiye da amfiya 4, kuma ɗan aisin da kwayil su ke ɗaukar wannan dakon. Batir na raguwa, jan na ƙaruwa. Ga wayar da na sa siririya: batir na nuna 3.6, amma 3.1 ke isa bakin busta, sai ta ƙara zuƙa don ta cike giɓi. Kwayil kuwa yana da iyakar da in an wuce ta yake daina riƙe wuta, sai ta kwarara kan aisi. Fanka ma lokacin tashi ta fi ja. Amfiya 2 ɗin nan na jikin leda, kada ka sa ran samunta in daga batir ɗaya za ka hau zuwa 12, balle a ɗakin da iskarsa ma zafi take.

Ta uku kam sakacina ne. Wayoyin fita suka haɗu ina cikin gwaji, dayod, 'yar abar da ke barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai, ta soye nan take. Irin wannan busta ba ta iya yanke wuta in an yi shot, don hanya a buɗe take daga batir ta kwayil da dayod. Fis ne maganinsa, ni kuma ban sa ba.

Yanzu wata busta mai suna XL6009 ke riƙe fankar. Ta fi girma, ta fi tsada, amma aisinta na da bayan ƙarfe mai fitar da zafi. Na jera baturan biyu-biyu suka ba da 7.4, da allon kariyarsu, da fis, da waya mai kauri gajeriya. Jan ya sauko wajen amfiya 2 da ɗoriya. Tana ɗumi, amma ina iya ɗora yatsa in bar shi.

MT3608 ta huɗu na nan kan rauta ita kaɗai, har yau ba ta yi tari ba. Ta biyar tana cikin gwangwanin madara tare da sukurori.