Injin Daddatsa Rassa Mai Aiki da Lantarki: Aikinsa a Ingila, da Abin da Zai Iya Yi a Lambunmu

Assalamu alaikum, Yaya. Bayan gaisuwa da fatan an yi girbi lafiya, a gaida su Baba da Inna da duk abokan aikin lambu. Ga amsar tambayar da kuka aiko mini nan Ingila kan injin nan da ake zura wa reshe ta sama ya fito gutsi-gutsi ta ƙasa. Kun ce a duba ko ya cancanci a haɗa kuɗi a sayo. Ya dace da gindin mangwaro da gwaiba da 'yar garkar bayan gida, bai dace da gona ba, kuma kafin a yi maganar inji sai an gama maganar wuta.

Sai an san dalilin da ya sa aka ƙera shi kafin a gane iyakarsa. A Ingila gidaje da yawa suna da ɗan fili a baya, da shingen itatuwa masu rai da ake askewa sau ɗaya ko biyu a shekara. Babu akuyar da za ta ci ganyen, babu murhun da zai cinye rassan, babu dangar da za a gyara da su. Shara ce zalla. Ƙaramar hukuma tana ba da kwandon shara na musamman don ciyawa da rassa, motarta tana zuwa kwasa yawanci bayan kowane mako biyu, kuma a garuruwa da yawa sai an biya kuɗin shekara. Wanda ya cinna wa tarin wuta, in hayaƙin ya dami maƙwabta suna iya kai ƙararsa. To injin nan shi ne mafita: tarin da zai cika ɗaki ya koma 'yan buhuna, a zuba a gindin furanni.

Mu kuwa abin da suke kira shara dukiya ce. Karan dawa da na gero danga ne, makamashi ne, abincin shanu ne a bazara. Harawar wake da ta gyaɗa kuɗi ce a kasuwa. Wanda ya zuba harawa a ƙasa don ta ruɓe, mutanen Kura za su ce a duba lafiyarsa, kuma da gaskiyarsu. Abin da ya rage wa injin a wajenmu shi ne wanda dabba ba ta so, murhu kuma bai damu da shi ba: ƙananan rassan darbejiya, abin da aka sassare daga mangwaro da gwaiba da lemo bayan an gama tsinka, sandunan zogale, karan kuɓewa da na rama bayan an cire ɓawo, da tsiron sassabe.

Iri biyu ne a kasuwa. Na farko mai wuƙa: faifan ƙarfe ne ɗauke da wuƙaƙe biyu, yana juyawa sau dubbai a minti ɗaya. Yana da sauri, yana yanka ƙanana, yana son ɗanyen reshe mai ganye, amma ƙararsa ta kai ta injin niƙa, kuma sai mutum ya riƙa tura masa kayan. Misalinsa Bosch AXT Rapid 2200, mai wat 2,200, yana cin reshe har kaurin milimita 40, nauyinsa kilo 12. Na biyu mai haƙori: dunƙulen ƙarfe ne kamar giyar mota, yana juyawa a hankali, ya ja reshen da kansa ya matse shi a jikin wani farantin alminiyom ya gutsure. Ba shi da ƙara sosai, ya fi ƙarfi a kan itace, amma ganye mai laushi da jiƙaƙƙiyar ciyawa suna toshe shi. Makita UD2500 irinsa ne, wat 2,500, reshe har milimita 45. Akwai Bosch AXT 25 TC da aka yi don ya ci itace da ganye duka, sai dai nauyinsa ya haura kilo 30, ya wuce kilo 23 da jirage da yawa suke yarda a saka a jaka ɗaya. Masu wuƙa sukan kama daga fam 100 zuwa 200, masu haƙori na kirki kuwa sun fi haka tsada, wasu ninki biyu.

Kaurin da aka rubuta a kwali na ɗanyen reshe ne miƙaƙƙe mai taushi. Itatuwanmu ba haka suke ba. Busasshiyar bagaruwa ko aduwa ko kanya, ko rabin wannan kaurin aka ba shi zai sha wuya. A ƙiyasta da babban yatsa: abin da ya fi shi kauri sosai a kai murhu, can ne ya fi amfani.

Maganar wuta ita ce gaba da komai. Ingila da Najeriya wutarsu ɗaya, bolt 230, filogi ma iri ɗaya mai ƙafa uku, don haka injin da aka saya a nan zai shiga soket ɗin gida kai tsaye. Na Amurka kuwa na bolt 120 ne. Aka jona shi a tamu, koyil ɗinsa zai ƙone nan take. Duk arhar da aka yi muku kada ku karɓa. Inji mai wat 2,500 yana jan kusan am 11, ga fis ɗin filogin am 13 ne, kenan soket ɗin ba zai ɗauki wani abu tare da shi ba. A awa ɗaya ba zai wuce yunit biyu da rabi ba, wannan ba tsada ba ce. Matsalar ita ce wutar da take zuwa da rauni. In ƙarfinta ya faɗi, injin zai yi gurnani bai tashi ba, ko ya tashi yana zafi, kuma haka koyil ke mutuwa. Ƙaramin janareton nan na kunna ƙwai da cajin waya bai kai wat 1,000 ba, kada ma a gwada. Lokacin tashi injin yana fizgar wuta ninki biyu ko uku, saboda haka a nemi janareto da bai gaza KVA 5 ba, a kuma lura cewa lambar da ake mannawa a jikin janareto sau da yawa ta ƙarfin fizga ce, ba ta aikin yini ba. Mai sola ma haka, sai inbata mai wannan girman, a yi aikin da hantsi zuwa azahar lokacin da rana ke ciyar da batir.

Waya tana kashe inji kamar yadda raunin wuta ke kashe shi. Har zuwa mita 25 a sa mai kaurin murabba'in milimita 1.5, daga nan zuwa mita 50 mai 2.5, ta jan ƙarfe ta gaske. In a naɗe take a warware ta duka, don naɗaɗɗiyar waya zafi take tarawa. Kuma tun da a lambu za a yi aikin, kusa da ruwa, a sa na'urar da ke katse wuta in ta tsere, mai miliam 30. A nan ko'ina ana sayar da ita, kuma ƙarama ce, za ta shiga aljihun jaka.

Yadda ake aikin: a sare rassa yau, a bar su kwana biyu ko uku su yi yaushi. Jiƙaƙƙe sharaf yana cakuɗewa ya zama kamar tuwo a cikin inji, busasshe ƙayau kuma yana dakushe wuƙa. A karkaɗe yashi, a cire saiwa mai ƙasa, da waya, da ƙusa, da leda. Yashi ne babban abokin gabar wuƙa, mu kuwa ƙasar Jigawa da Kano ba ta rabuwa da shi, don haka kada a share ƙasa da tsintsiya a juye a mazurari. A kafa injin a wuri mai inuwa, a daidaitacciyar ƙasa. A kunna shi babu komai a ciki, sai ya daidaita sannan a fara zurawa, gindin reshe a gaba. Mai rassa a gefe a fere shi da adda tukun. A riƙa gwama ganye da itace, damin ganye ɗaya, sanda biyu, don itacen ne ke share hanya. A ajiye 'yan busassun sanduna na ƙarshe su wanke cikinsa kafin a kashe.

Tabarau da safar hannu ta fata da abin toshe kunne ba ado ba ne. Reshe yana bulala idan haƙori ya kama shi, a tsaya a gefe. Babbar riga da rawani da mayafi ba sa zuwa kusa. Hannu ba ya shiga mazurari, akwai sandar roba da ake turawa da ita. Yara su yi nisa, don abin kallo ne a wajensu, kuma ba wanda zai ji kiran wani a cikin wannan ƙarar.

In ya toshe, mai haƙori yana da makunnin juyawa baya da zai tofo reshen. Mai wuƙa sai an kashe, an zare filogi daga soket, an jira faifan ya tsaya, sannan a kwance babban sukurun hannu a buɗe. In an rufe ya ƙi tashi, yawanci sukurun ne bai ɗauru har ƙarshe ba, ko akwatin tara dusa, wato gutsattsarin da injin ke fitarwa, bai zauna daidai ba, domin akwai makunnin tsaro a wurin. In ya mutu ana cikin aiki, zafi ne ya yi yawa. A bar shi ya huce sannan a danna maɓallin dawowa. An ƙera shi ne don ƙasar sanyi, mu kuma a watan Afrilu zafi yana haura 40, don haka minti 20 na aiki, minti 10 na hutu, kuma a riƙa goge kafofin shan iska da buroshi, musamman lokacin hunturu da ƙura. Idan mai wuƙa ya daina jan reshe, dusar ta fara fitowa zare-zare, wuƙa ta dakushe. Baki biyu gare ta, a kwance a juya. Idan mai haƙori ya fara fitar da guntayen a sarƙe kamar carbi, farantin ne ya ja baya: a murɗa maɗaurin gefe kaɗan-kaɗan injin yana juyawa, har a ga ɗan garin alminiyom ya zubo, a tsaya nan.

Akwai abin da ba ya shiga ko kaɗan. Tumfafiya da aguwa da tinya, ƙaronsu yana liƙe inji kuma hatsari ne ga ido. Ƙayar magarya da aduwa tana fitowa da kaifinta ta jira ƙafar mai ban-ruwa. Ciyawar da ta yi 'ya'ya, balle wuta-wuta, shuka ta za a yi a lambu. Tumatirin da sharon ta kama, tsutsar nan da ta cinye gonakin Kadawa a 2016, a ƙone shi ko a binne da zurfi. Kacala, ciyawar ruwan nan da ta dami mutanen Haɗeja da Auyo, tana da yawa kuma kyauta ce, amma zarenta yana naɗe faifai. Adda ta fi dacewa da ita, a yanka kafin ta fitar da kai.

Amfanin dusar shi ne lulluɓe ƙasa: ta hana rana da iska shanye laima, ta sanyaya saiwa, ta danne ciyawa, injin ban-ruwa ya rage shan mai. A cire ciyawa, a ba ƙasa ruwa ta ƙoshi, sannan a shimfiɗa kaurin santimita 5 zuwa 8, wato yatsu uku zuwa huɗu. A bar faɗin tafin hannu tsakaninta da jikin itace, in ba haka ba ɓawon zai ruɓe. Itace ɗaya, in aka kewaye shi da mita ɗaya ta kowane gefe a kaurin santimita 7, zai ci kusan lita 220, wajen baro uku. Kunya mai faɗin mita 1 da tsawon mita 10, a kaurin santimita 5, lita 500 ce, jarkar lita 25 guda 20. Hekta ɗaya a wannan kaurin tana son lita 500,000. Shi ya sa na ce ba na gona ba ne.

A sama ake zubawa, ba a kafce ta cikin ƙasa. Ɗanyen itace in ya shiga ƙasa, ƙwayoyin da ke ruɓar da shi suna ƙwace sinadarin da yuriya ke bayarwa, sai tattasai ya yi rawaya. Wanda yake son taki ya tara ta daban: kashi biyu na dusa, kashi ɗaya na kashin awaki ko na kaji, a jiƙa, a rufe, a riƙa juyawa duk mako biyu. Bedin reno a bar shi da bambaro kamar yadda aka saba, don ɗan tsiro ba ya iya ɗaga guntun itace. A inda ake sako ruwa ta kwari, a zuba a kan kunya kawai, domin dusa tana iyo, za ta bi ruwa ta toshe hanya. Ganyen turare a kai shi hanyar tafiya da gindin manyan itatuwa. Gara za ta zo, ba makawa. A ƙasar da ta daskare alheri ce, don ramukanta ne ke shigar da ruwa, amma a nisanta dusar daga sabon dashe, da bangon ƙasa, da rumbu. Busasshiya kuma tana kama wuta da sauri, kada a tara ta kusa da ɗakin kara.

Ta fuskar hidima, nan sun fi mu a abu biyu. Inji yana zuwa da garanti, yawanci shekara biyu, kuma kowane sashe yana da lamba, a yi oda a intanet ya iso cikin 'yan kwanaki. Akwai kuma shagunan haya, mutum ya ɗauka na yini ya mayar, kuma wannan dabarar ta fi injin kansa cancantar a kwaikwaya, tun da aikin sau biyu ko uku ne a shekara. Mu kuma mun fi su gyara. A nan kuɗin mai gyara yakan kusa kuɗin sabo, sai a jefar. A Kano akwai mai naɗa koyil, da mai sauya boris, da mai wasa wuƙa. Abin da ba za su iya ba shi ne gangar jikin roba in ta fashe, da haƙorin da ba a samunsa a kasuwa. Don haka ga ƙauyen da wuta ba ta tsayawa, injin daddatsa kara da masu walda ke ƙerawa, wanda ake ɗora wa kan injin fetur irin na ban-ruwa, ya fi wannan dacewa: yana zuwa har bakin lambu, yana yi wa dabbobi dusa, kuma duk bakaniken ƙauye ya san cikinsa. A dai matsa wa mai waldar ya rufe bel, ya kuma tsawaita mazurari yadda hannu ba zai kai wuƙa ba.

In kun tsaya a kan na lantarki, mai wuƙa nake ba da shawara, saboda kayanmu darbejiya ce da zogale masu ganye, kuma wuƙa tana wasuwa a gida. Za a haɗo shi da wuƙaƙe saiti biyu, da sukuransu, da na'urar katse wuta. Kafin nan, Yaya, a samu mai gyaran wuta ya auna soket ɗin da za a yi amfani da shi, safe da rana da yamma har kwana bakwai, a turo mini lambobin tare da tsawon waya daga soket zuwa gindin mangwaron farko.