Garejin da ke auna hayaƙin mota a Gombe

A hanyar Dukku akwai wani gareji da ya kawo na'urar auna hayaƙin salansa. Duk wanda motarsa ke shan mai fiye da ƙima, gara ya leƙa can kafin ya ci gaba da sayen fulogi da nozul a kan canki-canki. Tawa Corolla ce 'yar Kwatano. Ta daɗe tana warin ɗanyen fetur, makanikai sun yi ta canje-canje ba a dace ba.

Ogan wurin ba mai gaggawa ba ne, kuma nan ya saye ni. Ya ce, "Alhaji, bari inji ya ɗau zafi tukuna, mai sanyi ba ya faɗin gaskiya." Da ya yi zafi, sai ya tsuguna ya danne bakin salansa da tsumma, ya kasa kunne ko akwai inda take huci. In akwai huda, iskar waje za ta shiga ta tsinka hayaƙin, na'ura ta nuna mota lafiya lau alhali ba haka ba ne. Sannan ya bar na'urar ta shaƙi iskar fili har oksijin ya tsaya a kashi 20.9 cikin ɗari, yadda yake a iska mai tsabta, kafin ya zura ƙarfen tiyon cikin salansa. Ya auna tana silo, ya sa yaronsa ya taka totur ya sake aunawa.

Lambobi huɗu allon ya nuna: CO (iska mai guba da ke fita in mai bai ƙone sosai ba), HC (ɗanyen man da bai ƙone ba), CO2 (iskar da ke fita in mai ya ƙone) da O2 (oksijin). A tawa CO ya yi sama, oksijin ya yi ƙasa, wato mai ya rinjayi iska. Injin fetur yana son iska kashi 14.7 ga mai kashi 1 a nauyi, kuma sensar da ke jikin salansa ce ke gaya wa kwamfutar mota yadda za ta daidaita. Sensar tawa ta mutu. Ya kuma ƙwanƙwasa tukunyar indomi, wato abin da ke rage gubar hayaƙi a salansa, sai ta amsa fayau, babu komai a ciki. An kwashe ta tun ban sani ba, saboda filatinom da faladiyom da rodiyom ɗin da ke jikinta kuɗi ne. Bai ɗora wa kowa laifi ba, bai kuma matsa sai na sayi sensa a hannunsa ba. Na kai wa makanikena ya canza, wari ya ragu sosai.

Inda suka gaza shi ne janareto. Yana nan dab da na'urar, kuma in iska ta juyo, hayaƙinsa take shaƙa a lokacin da ake saita ta. Ma'aunin da aka saita da gurɓatacciyar iska, yaya za a amince da shi? Na yi magana, ya ce za su matsar.

Sai yaron nasa da ke ta cewa awon "irin na Turai ne sak". Ba haka ba ne. A ɗakin gwaji, mota ake ɗorawa kan ƙarafa masu juyawa tana gudu a wuri ɗaya, ɗaki a digiri 23. Tsarin gwajin hayaƙi mai suna WLTP da Turai ta fara aiki da shi a 2017 minti 30 ne, tafiyar wajen kilomita 23, ana tara hayaƙin a jakunkuna a lissafa giram nawa a kowace kilomita. Ko can ma an yi maguɗi: a 2015 hukumar kare muhalli ta Amurka ta fallasa Volkswagen, wanda ya amsa cewa motocin dizal kimanin miliyan 11 na ɗauke da manhajar da ke gane lokacin gwaji ta rage hayaƙi. A kan titi, NOx ɗin wasunsu, wata iska mai guba a hayaƙi, ya kai ninki 40 na abin da doka ta yarda. Na'urar Gombe ko NOx ɗin ba ta aunawa, kuma mota a tsaye take, ba kaya ba hawa. Ta gano ciwon inji ce kawai, wannan kuwa ta iya shi.

Kuɗin awon bai kai na fulogin da na yi ta saye a banza ba. Mai dizal kada ya wahalar da kansa, ba su da na'urar baƙin hayaƙi. In an ba ka takardar sakamako, ɗauke ta hoto a waya nan take, don irin ta POS ce, zafin cikin mota na goge rubutun.