Takardar tambayoyi ko gwaji: wanne ya dace da memuwar ɗinki?

Ƙanwata, kin ce kina shirin memuwar, wato littafin binciken kammala karatu, a ilimin halayyar ɗan Adam, a kan latsa waya da dare da ƙarancin barcin ɗalibai, kuma kin rasa wadda za ki ɗauka tsakanin raba takardar tambayoyi da yin gwaji. Kowace hanya da irin maganar da take ba ki izinin faɗi ranar da kika tsaya gaban malamai, kuma daga nan ya kamata zaɓin ya fara.

Takardar tambayoyi, wadda muke ce wa anket, ita ce mai sauƙin kama hannu. Ki zaga Jami'ar Abdou Moumouni, ki tambayi ɗalibai awa nawa suke kan waya bayan isha'i da awa nawa suke barci, ki zuba amsoshin a jamovi, manhajar lissafin bincike wadda kyauta ce, ba kamar takwararta SPSS ba. Za ta fito miki da lambar Pearson, mai auna dangantakar abubuwa biyu, wadda ke tsakanin -1 da +1. In kin samu -0.3, ma'anarta masu yawan latsa waya sun fi ƙarancin barci. Iyakarta ke nan. Ba ta ce waya ce ta hana su barci ba. Ki tuna daren Afrilu a Yamai, zafi ya kwana a jikin bango, ga wuta ta ɗauke: wanda barci ya ƙi shi ne zai jawo waya. Nan rashin barcin ne ya haifi latsawar, zafi kuma ya haifi duka biyun. Damuwar jarrabawa ma haka take yi.

Gwaji shi ne ke warware wannan kullin, kuma sirrinsa ƙuri'a ce. Ki tara masu son shiga, ki jefa tsaba: wasu su ajiye waya daga ƙarfe 9 na dare har mako biyu, wasu su ci gaba yadda suka saba. Tun da ƙuri'a ce ta raba su, masu damuwa da masu kwana ɗakin kwano sun watsu a ɓangarorin biyu, sai ki auna bambancin barcinsu da gwajin t, lissafin da ke kwatanta ɓangarori biyu. Ronald Fisher ne ya kafa wannan dabara yana aiki a tashar binciken noma ta Rothamsted a Ingila, daga 1919 zuwa 1933, inda ake raba filaye da ƙuri'a don a gane ko taki ne ya kawo yabanya ko ƙasar ce da ma mai kyau. Duk ɗan manomi zai gane hikimar.

Amma gwaji akwai tsada. Don ki gano matsakaicin bambanci da tabbacin kashi 80 cikin ɗari, kina buƙatar mutum 64 a kowane ɓangare, 128 ke nan, alhali don gano dangantaka ta 0.3 a anket mutum kusan 85 sun isa. Sannan wa zai bi su ɗaki ya ga sun ajiye wayar? Gwajin mutum goma-goma kuwa ɓata lokaci ne. A 2015 an sake maimaita bincike 100 na wannan fanni, 97 daga cikinsu da farko sun ce sun samu sakamako, amma kashi 36 cikin ɗari kawai suka sake bayarwa.

Abin da ya fi damuna da anket a wajenmu shi ne harshe da kunya. Ma'aunin Likert mai matakai biyar na nuna yarda ko rashin yarda, wanda ya fito a 1932, yakan zo mana da Faransanci. Ki gwada raba "na yarda" da "na yarda ƙwarai" ga wanda Hausa ko Zarma ce a bakinsa. Kuma mu mutane ne masu amsa "lafiya lau" ko da ciwo na cinmu. Budurwa ba za ta rubuta miki cewa tana hira har ƙarfe 2 ba in sunanta na saman takarda. Kada ki nemi suna. Ki sa wani ya mayar da tambayoyin zuwa Hausa, wani dabam ya sake mayar da su Faransanci ba tare da ya ga na asali ba, ki dubi inda suka saɓa.

Da ni ce ke, da lokacin memuwar da kuɗin hannun ɗaliba, anket zan yi, da mutum 100 ko fiye, in ƙara tambaya kan irin ɗakin kwana da kusantowar jarrabawa. Sai dai wajen rubutu ki tsare alƙalaminki: "yana tafiya tare da" za ki rubuta, ba "yana jawo" ba. Gwajin kuma ki sa shi a babin ƙarshe a matsayin aikin da ya kamata ya biyo baya, ki nuna wa malaminki tsarin tun kafin ki buga takarda ko ɗaya.