Na Karanta "Marley": Daga Ina Dukiyar Marowacin Ta Fito?

Tun muna sakandare na san labarin Scrooge. Wani ɗan siririn littafi ne da aka taƙaita mana, aka sauƙaƙa Turancinsa: attajirin Landan mai maƙon tsiya, wanda yake biyan akawunsa Bob Cratchit sule 15 a mako, har fatalwoyi suka zo masa a daren jajibirin Kirsimeti, gari ya waye ya zama mai kyauta. Charles Dickens ya fitar da ainihin littafin, "A Christmas Carol", a Disambar 1843, kuma kwafi 6,000 na bugun farko sun ƙare kafin ranar Kirsimeti. Ni ba bikina ba ne, amma labarin mai rowa da tsoron kabari ya shiryar ba baƙo ba ne a kunnen Bahaushe.

Abin da ban taɓa tambaya ba shi ne, wace sana'a ce ta tara musu wannan kuɗi, shi da abokin kasuwancinsa Jacob Marley? Dickens ya nuna mana Marley bayan shekara bakwai da mutuwarsa, yana jan sarƙar da aka haɗa da akwatunan kuɗi da makullai da kwaɗuna da littattafan lissafi, amma bai faɗi zunubin da ya ƙera ta dalla-dalla ba. Wannan giɓin ne Jon Clinch, marubuci ɗan Amurka, ya shiga da littafinsa "Marley" na 2019. Ƙanwata ce ta taho mini da shi, na cinye shi cikin dare huɗu na sanyin hunturu.

Labarin ya faro ne daga makarantar kwana, inda yaran biyu suka haɗu, kuma tun ranar Marley ya fara cutar Scrooge. Da suka girma suka buɗe kamfani, kowa da baiwarsa. Scrooge mutumin lissafi ne, in ya duƙufa kan alƙaluma ba ya ɗaga kai. Marley kuwa ɗan damfara ne na ƙin ƙarawa: sa hannun jabu, sunayen ƙarya, kamfanonin da babu su sai a takarda. A ƙarƙashin duk wannan akwai cinikin bayi, a daidai lokacin da Ingila take shirin haramta shi, dokar da ta tabbata a 1807.

Nan littafin ya kama ni. A wajen Dickens, Belle, budurwar Scrooge, ta rabu da shi saboda son kuɗi ya kore ta daga zuciyarsa. Clinch ya ƙara wa abin nauyi: gidan su Belle ba sa ƙaunar cinikin bayi ko kaɗan, don haka Scrooge ya tashi haiƙan ya tsame kamfanin daga harkar domin ya same ta. Sai ga shi yana bin diddigin takardun kamfaninsa, yana gano cewa bai san rabin abin da ake yi da sunansa ba. Wallahi na tausaya masa, abin da ban taɓa yi wa Scrooge na farkon labari ba. Saurayi ne da ya so ya gyaru tun da wuri, amininsa ya yi ta toshe masa hanya, zamba cikin aminci, har zuciyar ta bushe. Fan, ƙanwar Scrooge, ita ma ba ta tsira daga idon Marley ba, kuma wannan ɓangaren ya fi kowanne ɓata mini rai.

Ina da ƙorafi biyu. Turancin na da ne, an ƙawata shi don ya yi kama da zamaninsa, sai da na ajiye ƙamus kusa. Wannan mai sauƙi ne. Babban shi ne mutanen da aka sayar. Daga gaɓar tekun Afirka ta Yamma jiragen Turawa suka yi ta kwasar su, amma a littafin sun fi fitowa a matsayin kaya da riba. Na san haka 'yan kasuwar suke ganinsu, wataƙila da gangan marubucin ya yi, duk da haka na so ya tsaya a kan mutum ɗaya daga cikinsu ya bar mu mu ji ta bakinsa.

Wanda yake neman daɗin biki, gasasshiyar dinya da dariyar Tiny Tim, ɗan Bob Cratchit, kada ya kashe kuɗinsa, babu su a nan. Kuma ba littafin yara ba ne, akwai gidajen banza da mugunta tsirara. Wanda bai karanta na Dickens ba ya fara da shi, gajere ne, yini ɗaya ya isa.

Ni da na gama, tsohon littafin na koma na buɗe, daidai inda fatalwar Marley take hawowa bene tana jan sarƙa. A da ƙarar kuɗi nake ji a wurin. Wannan karon mari na ji a ƙafar mutane.