Menu a Saman Allo ko a Jikin Taga: Wanne Ya Kamata Ka Saya?

Mai neman kwamfuta yakan tsaya ne kan ƙarfin batir da girman ma'adana. Ba kasafai yake tambayar inda layin menu, wato jerin umarnin manhaja, yake zaune ba, alhali nan hannunsa zai riƙa kai-komo kullum.

A kwamfutocin Apple, tun daga Macintosh ta 1984, layi ɗaya ne tak a can saman allo, yana sauyawa gwargwadon manhajar da kake ciki. Ba don ado aka yi hakan ba. A 1954 wani masani Ba'amurke, Paul Fitts, ya nuna cewa saurin kai hannu ga abu ya danganta da nisansa da kuma girmansa. Bakin allo kuwa bango ne: ko da ƙarfi ka cilla kibiyar linzami sama, nan za ta ci birki, ba ta zarcewa. A Windows, inda kowace taga ke ɗauke da nata menu, dole ka rage gudu ka saita hannu kan siririn layi, in ba haka ba ka wuce shi. Menu na sama yana kuma tsimin wuri: a ƙaramar kwamfutar tafi-da-gidanka, layi ɗaya ya wadatar da taga goma.

Matsalar tana fitowa ne idan allo ya yi faɗi. Kana aiki a 'yar taga can ƙasa ta dama, menu kuma yana sama ta hagu, sai ka ja linzami, ka ɗaga shi, ka sake ja. Wanda ke jera taga biyu kafaɗa da kafaɗa ma sai ya fara danna wadda yake so kafin menunta ya bayyana. Sabon shiga kan ruɗe a nan, ya nufi rufe takarda ya rufe wani abu dabam. Masu allo biyu sun sha fama, domin sai a 2013 Apple ya ba kowane allo nasa layin.

Linux, wani tsarin tafiyar da kwamfuta kamar Windows, ta gwada duka biyun. Ubuntu, wani nau'in Linux, ta ɗauki menu na sama a 2011 tare da fasalin allo mai suna Unity, ta ajiye shi a 2017 da ta koma fasalin GNOME. KDE Plasma, wani fasalin allo na Linux, ita ce mai sauƙin kai, kana iya kunna menu na sama ko kashewa, sai dai ba kowace manhaja ke yarda ta miƙa menunta sama ba.

A ganina, mai aiki da manhaja ɗaya a lokaci guda kan ƙaramin allo zai ji daɗin Mac. Mai ƙaton allo da tagogi barkatai ya tsaya kan Windows ko KDE. Idan kuma yininka a burauza ko Microsoft Office yake ƙarewa, kada wannan ya ɗaga maka hankali, tunda yawancin umarninsu a jikin taga suke ko a wace kwamfuta. Kafin ka biya kuɗi, buɗe manhajoji biyu gefe da gefe, ka nemi wurin ajiye fayil a kowacce, ka ga yadda hannunka ya yi.