Takardar auren kakanmu: sharhi kan aikin mai binciken da muka ɗauka a Kumasi

Bayan rasuwar mahaifinmu, mu 'ya'yansa da ke unguwar Asawase a Kumasi muka lura cewa babu wanda ya rage a gidan da zai iya faɗin sunan kakan kakarmu, sai gwaggonmu, wadda ita ma shekaru sun fara taɓa ƙwaƙwalwarta. Takardun gidan sun salwanta tun 1969, lokacin da gwamnatin Firayim Ministan Gana Busia ta ba baƙin da ba su da izinin zama mako biyu su bar ƙasar, baffanmu ya tafi Najeriya da adakar da aka ajiye su, bai kuma dawo ba. Wannan ne ya sa muka haɗa kuɗi muka ɗauki wani mai binciken tarihin iyali a nan Kumasi, muka ba shi aure huɗu na gidanmu ya nemo mana takardunsu.

Abin da ya fara burge ni shi ne gaskiyar da ya faɗa mana kafin ya karɓi ko sidi ɗaya. Ya bayyana cewa tun 1907 Turawa suka kafa dokar rajistar auren Musulmi a Gold Coast (Gana ta yanzu), wadda ta buƙaci ango da waliyyin amarya da shaidu biyu da limami mai lasisi su je gaban mai rajista cikin mako guda da ɗaurin aure, amma mafi yawan mutanen Zango ba su bi ta ba, domin a wurinsu idan an yanka sadaki, an shafa fatiha, an raba goro, aure ya ɗauru. Saboda haka ya ce kada mu sa rai da yawa. Haka kuwa aka yi, domin bayan ya duba kundayen hukumar adana takardun tarihi ta ƙasa, wato PRAAD, da wasu tsofaffin littattafan rajista, a cikin aure huɗun ɗaya tak ya samo, na kakanmu da kakarmu, a shekarar 1938.

Wannan takarda guda ta biya mana kuɗinmu. Ta nuna cewa kakanmu fataken goro ne kamar yadda muke ji, kuma ya sa hannu da rubutun Larabci mai tsabta a inda wasu suka dangwala yatsa, abin da ya tabbatar mana da cewa ya yi karatu mai zurfi. Amma inda na fi daɗewa ina kallo shi ne gurbin waliyyi. Mun taso muna ɗauka cewa mahaifin kakarmu ne ya ba da aurenta, sai ga sunan wani mutum dabam, wanda aka jingina shi ga Salaga, wani gari a arewacin Gana. Na ɗauki hoton takardar na kai wa gwaggo, na ce, “Hajiya, ko kin san wannan bawan Allah?” Ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce ai ƙanin mahaifin kakarmu ne, shi ya riƙe ta bayan mahaifinta ya rasu tana ƙarama, kuma iyayensu na cikin fataken da suka watse daga Salaga bayan yaƙin basasar 1892. Shekara da shekaru muna zaune da ita ba ta taɓa ba mu wannan labari ba, domin ba mu san tambayar da za mu yi mata ba. Daga nan sunayen shaidun biyu suka buɗe mata baki, ta gane ɗaya daga cikinsu maƙwabcinsu ne a unguwar Aboabo, wanda jikokinsa suna nan har yau.

Akwai inda aikin ya gaza, kuma wajibi ne in faɗa. Mai binciken ba ya karanta Larabci ko ajami, saboda haka rahoton da ya rubuta mana ya dogara kacokan kan ɓangaren Turanci na takardar, inda akawun wancan zamani ya rubuta sunaye yadda kunnensa ya ji su. Duk wanda ya san Gana ya san yadda Ibrahim ke komawa Braimah, Muhammadu ya zama Mahama, Husaini ya zama Fuseini, Sa'idu kuma Seidu. Wannan ya sa ya haɗa kakanmu da wani mai irin sunansa da ya yi aure shekaru kaɗan bayansa, har ya rubuta mana cewa kakan namu ya ƙara mata ta biyu, maganar da ta kusa tayar da ƙura a gida. Sai da na kai hotunan wurin wani malami a unguwarmu ya karanta sunayen iyayen mutanen biyu a Larabce, sannan kuskuren ya bayyana. Da na koma wurin mai binciken ya amsa laifinsa ba tare da gardama ba, ya gyara rahoton kyauta. Ya kuma yi alkawarin mako uku, aikin ya kai wata biyu, hotunan farko da ya turo ta WhatsApp kuwa sun yi dishi-dishi har sai da ya sake ɗauka.

Duk da haka zan sake ba shi aiki, kuma ina ba mutanen Zango shawarar su gwada irin wannan bincike, da sharaɗin su nemi cikakken hoton kowace takarda gaba da baya, kada su tsaya kan rahoto kawai, su kuma tanadi malamin da zai karanta musu Larabcin. Kafin a je wurin mai bincike a zauna da tsofaffin gida a rubuta kowane suna da laƙabinsa da garin da ake jingina mutum gare shi, ko Kano ko Katsina ko Sakkwato, domin da wannan ne ake bambance masu suna iri ɗaya. Mu dai mun riga mun aika wa jikokin shaidan nan na Aboabo, kuma dattijon gidan ya ce mu zo ranar Juma'a bayan la'asar, akwai tsohon littafin kakansu da yake so mu gani.