Irin furen bes da na saya a bakin kogi: ya yi kyau amma sai a sanyi

Wata ƙawata ce ta turo min hoton wani fure a WhatsApp, shuɗi-shuɗi mai ɗan ja, ya hau katanga ya yi zara-zara, tun ranar na sa wa raina sai na shuka shi a gida. Na yi ta tambaya a Yamai ba wanda ya san shi, sai a wajen wani dattijo cikin masu pepinyer ɗin nan, wato masu renon shuke-shuke suna sayarwa, na bakin kogi, ba nisa da gadar Kenedi. Ƴar leda ce ƙarama, a jiki an rubuta Vicia villosa, shi kuma baban yana ce masa bes kamar yadda ƴan faransanci suke faɗa. Jikka ɗaya da rabi na biya, da ƙyar ya rage min dala ashirin.

Abin da ya ɓata min rai tun farko, a watan Yuli na saya, na ce baba yaushe ake shukawa, ya ce ƴata ai ko yau ki zuba. Na zuba. Ya tsiro kam cikin kwana goma amma zafi da laimar damina suka taru suka kwantar da shi, ko tsawon hannu bai kai ba ya ruɓe. Ashe abin ɗan ƙasashen sanyi ne, asalinsa Turai da yammacin Asiya, ba irin wakenmu ba ne da ke son rana duk da dai danginsu ɗaya. Da na koma na yi masa ƙorafi bai yi musu ba gaskiya, dariya ya yi ya ce shi ma ɗansa ne ya kawo irin, sai ya ƙara min rabin leda kyauta. Wannan kam na yaba.

Karo na biyu sai na jira tsakiyar Nuwamba, lokacin da masu garka ke dasa salati da shu. Na jiƙa irin kwana ɗaya saboda ɓawonsa da tauri, na haɗa ƙasa da takin awaki wanda ya ruɓe sosai, rami ɗan gaɓar yatsa, gefen katangar da rana ba ta dukan ta da yamma. Ruwa arozuwar ɗaya, wato butar ban-ruwa, da safe ya ishe shi, in kika cika masa ruwa saiwar ce ke lalacewa. Kuma dole ki ba shi abin hawa don yana da wasu ƴan zare a bakin ganye da yake kama abu da su, ni ragar waya na sayo a kasuwar Katako na kafa, cikin wata biyu ya rufe ta ruf. Taki na zamani ko ƙwaya ban sa ba, da na tuge guda ɗaya na ga ƴan ƙulle-ƙulle a saiwar irin na gyaɗa da wake, su ne ke tara azot, sinadarin da ke ƙara wa shuka ƙarfi, a ƙasa, shi ya sa manoman ƙasashen sanyi ke shuka shi su juye shi cikin gona.

Furen sai a Fabrairu ya fito, kuma wallahi da kyau, jere-jere gefe ɗaya kamar an tsefe, zuma na ta zuwa har yara suna gudu. Sai dai bai kai na hoton nan cika ba ko kusa. Darɓa ma ta dame shi, na daka ganyen bedi na jiƙa da ɗan sabulu ina fesawa da yamma, ta ragu. Ki kula kuma da ƴaƴan, suna kama da ƙananan wake amma ba a ci, ni tsinke kwanson nake yi tun yana ɗanye saboda yara da kaji.

Ƙarshen Maris da zafin Yamai ya buɗe ido, sati ɗaya ya ƙone ƙurmus, shekara guda dama yake yi. Ke nan wata huɗu na wahala da faktir ɗin ruwa, furen sati biyar ko shida. In inuwa da fure na dindindin kike so a katanga gara ki sayi bugenbil, a wajen baban nan ma akwai masu kyau kuma a kansu ya san aikinsa. Ni dai na ajiye sauran irin a kwalba, Nuwamba mai zuwa in Allah ya kai mu zan gwada tun farkon wata.